Littattafan Kwali a Shagon Baba

Daga Auta zuwa ga Yaya
3 ga Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya ke da yara. Ya jikin mamanki Gwaggo, ƙafar ta yi sauƙi? Ki ce mata ta daina hawa bene da bokitin ruwa, kuma ki ce ma'aikaciyar asibiti ce ta faɗa, don in kika ce ni ce ba za ta ji ba. Ni lafiya ƙalau, sai aikin ɗakin gwaji da ba ya ƙarewa, jinin mutane tun safe har la'asar. Shekara huɗu ke nan rabona da gida, amma har yau in na shiga ɗakin ajiye fayil na shaƙi warin tsohuwar takarda, sai in ji kamar a shagon Baba nake.

Maganar Baban ce ma ta sa na ɗauki biro. Wata goma ban ga rubutun hannunsa ba. Mutumin da wata ba ya wucewa bai aiko mini shafi huɗu ba, har ya dawo mini da tawa wasiƙar ya bi ta da jan biro yana gyara mini kurakurai, yanzu sai dai ke 'yar yayarsa ki rubuto, "Kawu yana gaishe ki." Gaisuwa dai na ji. Ina mai gaisuwar?

Littafin da kuka aiko ya iso, na gode. Sai dai ina buɗe shafin farko gabana ya faɗi. Kin san halin Baba: duk littafin da ya shigo shagon, shi ke rubuta farashinsa da fensir a kusurwar sama, ya zana ɗan tsuntsun nan nasa a ƙasa. Shekara talatin da biyar bai taɓa barin kowa ya yi masa ba, ko marigayiya Mama. Wannan kuwa rubutunki ne, Yaya. Na san bakwai ɗinki mai lanƙwasasshiyar ƙafa, tsuntsun kuma ya fi kama da kaza.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi daɗi. Na rubuta wa Kafintan bakin layi, ya ce zai iya yi wa shagon sababbin kantoci. A fitar da tsofaffin nan da gara ta gama da su, a jera littattafai yadda ake yi a ko'ina, na tarihi gefe, na yara gefe, kowanne bisa harafi. Ba irin jerin Baba ba, da za ki ga littafin kiwon zuma ya jingina da na waƙoƙin soyayya. Ki shawo mini kansa, ke yake jin maganarki.

Ki gaishe mini da kowa. Ki ce wa Baba ko layi biyu ne ina jira.

Ƙanwarki,
Auta


Daga Yaya zuwa ga Auta
27 ga Fabrairu

Ɓera,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo ranar Laraba ta same mu lafiya, yara suna gaishe ki. Gwaggonki ta ce in gaya miki ita ta goyi ubanki, don haka babu ma'aikaciyar asibitin da za ta raba ta da bokitinta. Ƙafar dai ta kumbura sosai, likita ya fara maganar aiki. Ki sa ta a addu'a.

Kawu yana nan lafiya. Yana cin abincinsa, yana faɗa da mai kawo jarida kamar kullum. Rubutu ne ya ce ya ajiye, ni kuma ban isa in sa shi dole ba. Abin da ya ce in rubuta, shi nake rubutawa. Batun tsuntsu kuwa, ni malamar firamare ce mai ritaya, ba mai zane ba. In kaza ce, ki soya abarki.

Maganar kantoci kuma, a'a. Ba ja-in-ja nake so mu yi ba, amma a'a. Kada ki sa kowa ya taɓa komai a shagon nan, ko littafi ɗaya ban yarda a matsar daga inda yake ba. Ke da kika girma a ciki kin fi ni sanin jerin Kawu ba hauka ba ne. Littafin kiwon zuman nan yana kusa da na soyayya ne saboda wani mai kiwon zuma da ya sayi biyun rana ɗaya shekara talatin da suka wuce, tun daga nan Kawu ya ce ashe maƙwabta ne. Kowane littafi da dalilin zamansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ki bar wa Kafinta katakonsa.

Don kada ki ji a bakin wani: mabuɗi yana hannuna yanzu. Ni nake buɗewa, ni nake rufewa, kuma duk littafin da zai hau kanta ko ya sauka, sai ta hannuna. Haka muka tsara ni da shi. Kwalin sababbin littattafan da kika aiko bara yana ƙarƙashin tebur, za a jera su in lokaci ya yi.

Raminki yana nan, ƙasan kantar baya inda kike shigewa da littafi har muka sa miki Ɓera. Kwanaki na so in cusa manyan ƙamus a wurin don na ga fili a banza, Kawu ya kusa cinye ni ɗanya.

Ki kwantar da hankalinki ki yi aikinki. Saura shekara biyu ki gama wa'adinki ki samu takardar da kika tafi nema, kada ki bari wani abu ya raba miki hankali. Ga shi na sa ya sa miki hannu a ƙasa.

Yayarki

Babanki


Daga Auta zuwa ga Yaya
19 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Ni kalau nake, sai dai barci ba ya isata tun da na karanta takardarki.

Sau huɗu na karanta ta. Na tambaye ki abu ɗaya, me ya hana Baba rubutu, kika ba ni labarin kaza. Sannan a tsakiya kika jefo mini cewa mabuɗi yana hannunki, komai sai ta hannunki. Tun yaushe? Shekara biyu da suka wuce kin zo ne ki taya shi share ƙura da jiran shago in ya tafi masallaci. Yau ke ce mai cewa a'a a madadinsa.

Sa hannun kuma, Yaya, haba. Baba da yake ja wa takarda layi da rula kafin ya rubuta adireshi, shi ne zai rubuta "Babanki" a karkace, har ya hau kan sunanki? Ko dai ba shi ya rubuta ba, ko kuma an miƙa masa takarda an ce sa hannu nan, bai san abin da ke sama ba. Cikin biyun ban san wanda ya fi tayar mini da hankali ba.

Da wannan kaɗai ne da na yi shiru. Amma Matar Tela ta rubuto mini, kuma kin san shagonsu bango ɗaya ne da namu. Ta ce ta shiga neman littafin lissafi na jikanta kina bayan gida, ta ja wani littafi daga kanta, sai ga shi ba littafi ba ne. Kwali ne aka yanka aka naɗe da takarda, daidai kaurin littafi, aka cusa a tsakani. Ta duba layi biyu ta samu guda tara. Ta ce da Baba ya ji motsinta a wurin sai ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba, ke kuma kika fito da gudu kika karɓe kwalin kika mayar.

To ki gaya mini, ina littattafan da ke wurin? Me ya sa ake toshe gurbinsu da kwali don kanta ta yi kamar a cike take, alhali ga sababbi a ƙarƙashin tebur sun shekara? Wa ake so kada ya gane? Ruwa ba ya tsami banza. Ban ce kin yi wani abu ba, amma ki sa kanki a matsayina: ubana ya yi shiru, shagonsa yana komawa kwali, wadda ke riƙe da mabuɗi kuma ta ce kada a taɓa komai.

Wallahi raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji. Ki ba ni amsa ba da wasa ba.

Auta


Daga Auta zuwa ga Baba, ta hannun Matar Tela
6 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiya lau, sai kewarka.

Na biyo da wannan ta hannun Matar Tela ne don ta damƙa maka hannu da hannu. Don Allah ka karanta kai kaɗai, kada ka nuna wa Yaya. Mako bakwai ke nan da na rubuta mata tambayoyi, ko uffan. Mai gaskiya ba ya mako bakwai yana neman amsa.

Baba, ka yafe mini abin da zan faɗa a kan 'yar 'yar'uwarka. Ina zargin Yaya tana kwashe maka shago a hankali. Tana fitar da littattafai tana cusa kwali a gurbinsu, ta karɓe mabuɗi, ta tsaya tsakanina da kai. Na san kana jin nauyin Gwaggo, ba za ka iya buɗe baki ka yi magana ba. To ni zan yi maka.

Matar Tela ta ce Yaya za ta tafi jinyar Gwaggo a asibiti kwana tara. Na shirya da Kafinta, kantocin sun gama. Ranar Asabar zai zo da mutanensa su sauke komai, su kafa sababbi daga ƙasa har sama ba tare da ɓata fili ba. Matar Tela da ƙanwarta za su jera littattafan bisa harafi, su ware kwalayen gefe. Idan aka yi haka, abin da ya ɓace zai fito fili, kowa ya gani da idonsa.

Shagonka ne, ba zan yi maka dole ba. In ba ka so, ka ce wa Matar Tela a'a, magana ta mutu. In kuwa ka yarda, ba sai ka yi dogon bayani ba, ka sa albarka kawai, za ta gane.

'Yarka,
Auta


Daga Yaya zuwa ga Auta
2 ga Yuni

Auta,

Gaisuwa. An yi wa Gwaggo aiki lafiya, tana takawa da sanda. Yara lafiya. Kawu kuma jikinsa lafiya. Na gama da gaisuwa, yanzu ki zauna ki karanta.

Ubanki ba ya gani. Wata goma sha huɗu ke nan. Hawan jinin ido ne, ke kin fi ni sanin mene ne, likita ya ce jijiyar ta riga ta mutu. Ranar da muka dawo daga asibiti ya sa na rantse ba zan gaya miki ba, don ya ce in kika ji za ki watsar da aikin da karatun ki taho, shekarunki huɗu su tafi a banza. Na rantse. Takardarki ta Maris sau uku ina fara amsa ta ina yagawa, don duk amsar da zan ba ki ko ƙarya ce ko karya rantsuwa. Na zaɓi shiru, ashe shirun ya fi duka muni. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Kin san yadda yake riƙe shagon nan wata goma sha huɗu, babu wanda ya gane a layin? Da ƙirga. Mutum zai shigo, ya gane shi da muryarsa ko da takunsa, ya ce ina son kaza. Kawu zai miƙe, taku takwas, ya ɗora yatsa a kan layi na uku, ya bi bayan littattafai yana hira kamar ba komai, ya zaro na ashirin da ɗaya ya miƙa. Bai taɓa kuskure ba. Littafi dubu huɗu da wani abu, duk suna cikin kansa, kowanne da maƙwabcinsa. Shi ya sa in an sayi ɗaya nake yanka kwali daidai kaurinsa in toshe gurbin, don kada ƙirgar ta goce, har sai mun samo irinsa. Shi ya sa sababbinki suke ƙarƙashin tebur, ɗaya ɗaya nake shigar masa da su, sai ya haddace wurin wannan in kawo wani. Wannan ce satar da nake yi miki.

Matar Tela da kanta ta ba ni labarin yadda aka yi, tana kuka. Ta kawo masa takardarki. Ya buɗe, ya riƙe ta a gabansa, yana bin ta da kai kamar mai karatu. Ya ninke ya sa a aljihu ya ce, "Allah ya yi mata albarka, duk abin da ta ce daidai ne." Me kike so ya ce? Takardar 'yarsa ce. Ranar Asabar ya ji mota ta tsaya, ya ji ana sauke katako, ya ji Kafinta yana cewa a fara da ta bakin ƙofa. A nan ya gane. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da su, amma in ya faɗe ta dole ya faɗi dalilin da ya sa ya sa albarka a kan abin da bai sani ba. Bai faɗa ba. Ya fita ya zauna a bencin Tela, yini biyu yana jin ana zuba littattafansa a ƙasa.

Ranar Litinin ya buɗe shago. Mutane sun cika, an zo ganin gyara. Malamin Lissafi mai ritaya, abokin hirarsa na shekara ashirin, ya ce a ba shi littafin taurarin nan da aka ajiye masa. Kawu ya miƙe. A taku na shida ya buga goshi da sabuwar kanta. Ya laluba, ya ƙirga, ya zaro littafi ya miƙa masa da hannu biyu. Littafin koyon zane ne na 'yan nazare. Malamin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, sai da ya dubi fuskarsa ya gane. Kawu ya ce, "Tela, zo ka riƙe mini hannu ka kai ni gida." A gaban kowa.

Yau kwana goma sha biyu bai taka shagon ba. Yana ɗaki, ya juya wa ƙofa baya. Ya ce a rufe, ko a ba wanda yake so, shi dai ba shi da shago. Ni kuma na dawo na tarar an tara kwalayena a bakin ƙofa kamar kayan shaida a kotu, guda ɗari biyu da sittin, har da masu ƙirgawa.

Na je wurin Kafinta na ƙwato tsofaffin kantocin. Sha takwas suna nan, ta bayan mai raminki ya riga ya sa mata zarto. Amma kanta ba ita ce jeri ba. Ni gurbi kawai na iya toshewa, ban taɓa haddace wa ke kusa da wa ba. Na roƙi Kawu ya faɗa in jera, ya ce ya manta. Ƙarya yake yi, zuciya ce.

Takardarki tana aljihunsa har yau. Na ce ya kawo in karanta masa, ya hana. Ban san me kika rubuta ba, amma na san ba addu'a kika yi mini a ciki ba. Na ji haushinki, Auta, har yanzu ina ji. Ni na yi miki kitso ranar da aka fara kai ki makaranta.

Yayarki


Daga Auta zuwa ga Yaya
16 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata. Na gode Allah da aikin Gwaggo. Ni ban san me zan ce game da lafiyata ba. A bakin ƙofar ɗakin gwaji na karanta takardarki.

Duk abin da na lissafa miki a matsayin hujja, shi ne ke gaya mini gaskiya ban ji ba. Ni da nake aikin asibiti, na ga sa hannu ya hau kan layi, ban yi tunanin ido ba, na yi tunanin ɓarawo. Ba zan ce ki yafe mini a takarda ba, abin ya fi ƙarfin takarda. Na nemi hutu, sun ce sai ƙarshen wata mai zuwa. Ban ajiye aikin ba, ki gaya wa Baba, don kada rantsuwarki ta tafi a banza.

Kafin nan ga abin da zan iya. Ki sa a fitar da kantocina, Kafinta ya yi abin da ya ga dama da su, a mayar da tsofaffin inda sawunsu yake a siminti. Na kwana huɗu ina rubuta jerin yadda na bar shi, shafi goma sha ɗaya, suna cikin ambulan nan. Kantoci huɗu na bakin ƙofa kawai na iya kawowa. Ga farkon: kanta ta ɗaya, layin sama, daga hagu, jan ƙamus mai yagaggen baya, sai littafin gyaran keke, sai tarihin jiragen ruwa mai juzu'i biyu, sai kiwon zuma, sai waƙoƙin soyayya, sai na girkin marasa lafiya. Layi na biyu shi ne wanda yake kira layin masu jiran haihuwa. Na ƙasa kuma na waɗanda aka yi wa rasuwa ne, inda mutum zai durƙusa ya duba ba wanda ya ga fuskarsa.

Na san shekara huɗu sun canza abubuwa, na san akwai kuskure. Kada ki gyara. Ki shiga ɗakinsa, ko ya juya baya, ki zauna ki karanta da ƙarfi, layi bayan layi. Kada ki roƙe shi komai. Baba zai iya jure yunwa, zai iya jure makanta wata goma sha huɗu bai gaya wa kowa ba, amma ban taɓa ganin ya ji kuskure a kan littafi ya iya yin shiru ba.

Takardar da ke aljihunsa kuma, in da hali ki sa a ƙone ta. Don girman Allah kada a karanta.

Ƙanwarki, ko ba ki so,
Ɓera


Daga Baba zuwa ga Auta, da hannun Yaya
8 ga Yuli

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Goshina ya warke. Yayarki ce ke rubutawa, ni nake faɗa, kuma na ce kada ta ƙara kada ta rage.

An karanta mini jerinki. Kuskure goma sha ɗaya. Tarihin jiragen ruwa juzu'i uku ne, ba biyu ba. Gyaran keke bai taɓa zama a layin sama ba, mai keke gajere ne, don shi na sa a ƙasa. Takwas mantuwa ce. Uku kuma da gangan kika yi, don babu 'yar da na haifa da za ta sa littafin girki kusa da na soyayya. Na gane dabararki. Na gane, kuma na faɗa ciki.

Mun gama kantoci shida. Ni ina zaune ina faɗa, yayarki da Malamin Lissafi suna jerawa. Mutumin nan shekara arba'in yana koyar da lissafi amma bai iya ƙirga littafi ba. Yanzu kowa ya sani, masu shigowa suna faɗin ko su wane ne tun daga ƙofa, kamar ban san takunsu ba. Ya yi mini ciwo. Ya kuma fi sauƙi, ba zan ɓoye miki ba.

Cikin shagon ne ba zan iya ba. Kantocin ciki goma sha uku duk daga wuri ɗaya nake fara ƙirga su, daga ramin nan naki na ƙasan kantar baya. Kullum nan nake fara sa hannu. Na sa Kafinta ya yi wata irinta, ya bar ramin yadda yake, amma ban san faɗinsa da awo ba. Na dai san yana ɗaukar yarinya 'yar shekara bakwai da littafi a cinya. Ki zo ki nuna masa.

Kin ce a ƙone takardarki. A gidan nan ba a ƙona takarda. Tana aljihuna, ban bari kowa ya karanta mini ba, kuma na san abin da ke ciki ya wuce maganar katako. Wasiƙar 'yata ce, na sa mata albarka ban san me ta ce ba. Ina so in sani. Idan kin zo za ki zauna ki karanta mini ita da bakinki, daga farko har ƙarshe, yayarki tana wurin.

Ki taho da jan biro.

Babanki